Kunkurun Da Yaran Ruwanda Ke Koya Wa Lissafi

Taron masana harkar ilimi ne ya kai ni Kigali, babban birnin Ruwanda, kuma da na bi jadawalin masu gayyata sau da ƙafa, da tsarabar da zan dawo da ita ba ta wuce jakar taro da hotunan otal ba. Kwana biyu muka yi a zaure mai sanyi muna sauraron maƙaloli kan yadda fasahar zamani za ta ceto makarantun Afirka. Kusan kowane mai jawabi ya zo da hoton yaro yana murmushi a gaban kwamfuta, kuma kusan kowanne yana da hajar da yake tallatawa. A rana ta uku na roƙi wani abokin aiki ɗan ƙasar, wanda ke horar da masu shirin zama malamai, ya kai ni inda yaran cikin hoton suke, tun da gani ya kori ji.

Wanda ya tashi a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa irin tamu, farkon abin da zai fara karo da shi a Kigali shi ne rashin miƙaƙƙiyar hanya. Birnin yana zaune ne a kan tuddai, a tsayin da ya kai mita 1,500 daga teku, kowace unguwa tana hangen 'yar'uwarta ta tsallaken kwari. Tun 2008 aka haramta leda a ƙasar, kuma Asabar ɗin ƙarshen kowane wata jama'a kan fito aikin gayya da suke kira umuganda. Ɗan acaɓa ba ya tashi da kai sai ya miƙo maka hular kwano. A unguwar Gisozi akwai makwancin mutum fiye da 250,000 daga cikin waɗanda aka hallaka a kisan ƙare-dangi na 1994, kuma duk wanda ya shiga wurin zai fahimci dalilin da ya sa ƙasar take gaggawar gina sabon zamani. Zai kuma lura, in yana da kunne, cewa hira takan yi sanyi da zarar ta doshi siyasa. Ban je yabo ba, ban je suka ba. Makaranta na je gani.

Dalilin da ya sa Ruwanda ta dace da mai son nazarin wannan batu yana da tarihi, kuma tarihin ya taɓa mu. A 2005 wani malamin jami'ar MIT ta Amurka, Nicholas Negroponte, ya shelanta shirin samar wa kowane yaro a ƙasashe matalauta kwamfutar tafi-da-gidanka a kan Dala 100. A watan Nuwamban shekarar aka nuna samfurinta a Tunis tare da Kofi Annan, tana da wani hannu da ake murzawa don ta sami caji. Hannun ya ɓalle a wurin nunin, daga baya aka cire shi daga tsarin gaba ɗaya. Da aka fara ƙera ta a 2007, kuɗinta ya kusa ninka abin da aka yi alkawari. Duk da haka na'ura ce da aka yi wa tunani: kore da fari, mai mariƙi kamar jakar 'yan makaranta, da kunnuwa biyu na kama sadarwa, da madannai na roba don kada ƙura da ruwa su shiga, da fuska wadda ake iya karantawa a tsakar rana. Sunanta XO.

Najeriya tana cikin ƙasashen farko da aka gwada ta. A 2007 aka raba wa ɗaliban makarantar firamare ta Galadima da ke gefen Abuja, 'yan jaridun duniya suka yi ta zuwa ɗaukar hoto, aka yi ta maganar cewa ƙasar za ta sayi miliyan guda. Gwamnati ta sauya, maganar ta bi ruwa. Ruwanda kuwa ta gwada a wata makaranta a Rwamagana a shekarar, Shugaba Paul Kagame ya ƙaddamar da shirin a 2008, aka raba fiye da 200,000 ga makarantun firamare, musamman 'yan aji huɗu zuwa shida, aka kuma shigar da amfani da su cikin manhajar darasin kimiyya da fasaha. Ke nan abin da muka ɗanɗana muka tofar, su sun haɗiye shi shekaru da dama. Na so in ga abin da ya yi musu a ciki.

Makarantar farko da muka je tana bayan gari, mai tsabta, da furanni a gaban ofis. Hedimasta ya karɓe mu hannu bibbiyu. Da na nemi ganin kwamfutocin sai aka aika yaro neman mai mabuɗi, muka yi kusan rabin sa'a muna jira. Da aka buɗe sito, sai ga su jere a kan katako, an ɗora wannan a kan wannan kamar bulo, ƙura ta kwanta a kan na sama. An rubuta wa kowace lamba, kuma lambobin suna cikin wani littafi da aka nuna mini da alfahari. Na tambayi ranar da yara suka taɓa su na ƙarshe. Hedimastan bai yi mini ƙarya ba. Ya ce batiran da yawa sun mutu, cajoji sun lalace, malamin da aka horar ya samu canjin wurin aiki, kuma duk wadda ta ɓace ko ta fashe shi za a tambaya. Mai duba makarantu, in ji shi, ƙirgawa yake yi. Ban ga laifinsa ba. An ɗora wa mutum amanar adadi, shi kuma ya tsare adadin, kuma hanya mafi sauƙi ta tsare kaya ita ce kwaɗo.

Wannan sito ya tuna mini da wani bincike da duk gwamnan da ke shirin rabon kwamfuta ya kamata a karanta masa kafin ya sa hannu a takardar kwangila. Ƙasar Peru ta sayi XO fiye da 800,000. Bankin Raya Ƙasashen Nahiyar Amurka ya bi makarantun karkara 319, wasu an ba su na'urar ta hanyar ƙuri'a, wasu ba a ba su ba. A sakamakon da aka fitar a 2012, bayan wata 15 ana amfani da su, yaran sun iya sarrafa kwamfuta, an kuma ga ɗan ci gaba a gwajin kaifin tunani, amma a lissafi da karatu ba a ga wani bambanci ba. Kuma fa a can na'urorin sun isa hannun yara, ba a sito suka kwana ba.

Washegari muka nufi gabas, ta hanyar da ta ratsa gonakin ayaba da fadamun shinkafa, zuwa wata makaranta da abokina yake tura ɗalibansa gwajin koyarwa. Ginin bai kai na jiya kyau ba. Ya gabatar da ni ga wata malama mai matsakaicin shekaru, yana kiran ta mwarimu, kalmar da ta samo asali daga mu'allim na Larabci ta hanyar Suwahili, wato kakansu ɗaya da malam namu. 'Yan aji biyar take koyarwa, sun kai hamsin, kuma kwamfutocin da ke aiki a hannunta ba su wuce goma sha biyu ba. Sauran ta mayar da su kayan gyara, tana ciro madannai daga wannan ta sa wa waccan. Ta ce mini manyan yaran ajin ne ke yin wannan tiyata da sukundireba.

Da aka kaɗa ƙararrawa ba ta nufi inda na'urorin suke ba. Fili ta fitar da yaran, a kan jar ƙasa, ta kasa su rukuni-rukuni. Kowane rukuni ya zaɓi mutum ɗaya ya zama kunkuru, aka ba shi sanda yana jan ta a ƙasa don ta bar layi a bayansa. Dokar wasan ɗaya ce: kunkuru ba shi da wayon kansa, abin da aka ce masa shi zai yi, ba ragi ba ƙari. Umarni biyu kawai yake ji, tafi gaba taku kaza, da juya dama ko hagu digiri kaza. Rukunin da ya fara sa kunkurunsa ya zana murabba'i, ya dawo inda ya tashi yana kallon inda yake kallo da farko, shi ya ci. Nan fili ya kaure. Wani rukuni ya manta bai ce a juya ba, kunkurunsu ya miƙe ya nufi katanga da gaske, yara suna ihu suna dariya, shi kuwa ya ƙi tsayawa don ba a ce ya tsaya ba. Wani rukunin ya ƙirga taku biyar a gefe uku, huɗu a na ƙarshe, zanensu ya ƙi rufuwa, suka tsaya suna gardamar inda aka yi ɓatan. Cikin minti goma kowa ya gane cewa umarni biyu ne ake maimaitawa sau huɗu, gaba da juyi na digiri 90.

Sai a lokacin ta mayar da su aji, ta raba na'urorin, yara huɗu ko biyar a kan kowace. A cikin XO akwai wata manhaja mai ɗan ƙaramin kunkuru a tsakiyar fuska, ana jera masa umarni kamar jerin bulo, yana tafiya yana barin layi. Murabba'i bai ba su wuya ba, tun da ƙafafunsu sun riga sun san shi. Daga nan ta rubuta sabon aiki a allo: alwatika mai gefe uku daidai-wa-daida. Ta koma gefe ta zauna.

Yaran sun haddace daga littafi cewa kowace kusurwa ta irin wannan alwatika digiri 60 ce. Kowane rukuni ya sa 60, ya ce a maimaita sau uku. Kunkuru ya yi tafiyarsa ya tsaya can nesa da inda ya tashi, ya bar wani abu mai kama da rabin kwarya. Suka goge suka sake, abu ɗaya. Wasu suka zargi na'urar. Wani yaro, don neman tsokana, ya mayar da maimaicin sau shida, sai zanen ya rufe, ya ba su siffa mai gefe shida, wadda ba wanda ya nema amma kowa ya taso kallo. Ni kuwa ina tsaye a baya amsar tana yi mini ƙaiƙayi a baki. Na matsa kusa da wani rukuni, malamar ta ɗago ido ta girgiza mini kai, na ja da baya. Shekaru ina koyar da dabarun koyarwa, ga shi an hana ni aikata ainihin abin da nake hana ɗalibaina.

An yi kusan minti ashirin a haka. Sai wata yarinya 'yar siririya ta tashi ba tare da neman izini ba, ta tsaya a sararin gaban allo, ta fara takawa tana juyawa, tana bin alwatikan da ke cikin kanta. A kusurwa ta farko ta tsaya, ta juya kaɗan, ta ga ba ta fuskanci inda ya kamata ba, ta ƙara juyawa sosai. Ta koma wurin 'yan rukuninta tana magana da sauri cikin Kinyarwanda, abokina yana fassara mini a kunne. Abin da take cewa shi ne, duk wanda ya zagaya ya dawo yana kallon inda ya fara kallo, ya yi cikakken juyi ɗaya, 360. A murabba'i an raba shi huɗu, ya zama 90. A siffar da ɗan tsokanar ya samo an raba shi shida, ya zama 60. To a gefe uku fa? Suka sa 120. Kunkuru ya zagaya ya dawo gida. Ihun da suka yi ya sa malamin ajin maƙwabta ya leƙo ta taga.

Abin da yarinyar nan ta gano shi ne dokar kusurwar waje, wadda ake koyarwa a sakandare, kuma na sha ganin waɗanda suka gama sakandaren suna iya rera ta ba tare da sun san abin da take nufi ba. Wasan ma ba sabo ba ne. Seymour Papert, haifaffen Afirka ta Kudu da ya yi aiki da masanin tunanin yara Jean Piaget a Janeba, shi da abokan aikinsa suka ƙirƙiro harshen kwamfuta na yara mai suna Logo a 1967, kunkurun kuma daga nan ya samo asali. Ra'ayinsa shi ne yaro ya riƙa ba kwamfuta umarni, maimakon kwamfuta ta riƙa cusa masa amsa, kuma shi da kansa ya ba da shawarar yaro ya taka siffar da jikinsa idan ta cije masa. Malamar ta ce a wani horo na 'yan kwanaki ta fara jin wannan dabara, sanda da gasar rukuni kuwa ita ta ƙara, saboda na'urorin ba sa isa.

A Kinyarwanda ana kiran kwamfuta mudasobwa, wato wadda ba ta kuskure. Sunan ya tsaya mini a rai, domin amfanin da na ga ta yi a ajin nan shi ne ta ba yara damar yin kuskure cikin kwanciyar hankali. Ba ta tsawa, ba ta bulala, ba ta yi wa yaro dariya a gaban sa'o'insa. Tana nuna masa sakamakon abin da ya faɗa ne kawai, nan take, ko da sau goma ya gwada. Wannan ita ce ɗabi'ar wasa. Wanda aka kayar a langa yakan tashi ya kaɗe riga ya sake riƙe ƙafa. A ajinmu kuwa, inda nake zuwa duba ɗalibai masu gwajin koyarwa, kuskure abin kunya ne, wani lokaci abin duka. Yaro yakan koyi cewa mafi aminci shi ne ya yi shiru, ko ya jira a faɗi amsa ya amsa amshi tare da jama'a. Idan aka kawo kwamfuta cikin irin wannan aji, malam zai sa yara su kwafi abin da ke allo zuwa cikinta, an sayi littafin rubutu mai tsada ke nan mai buƙatar caji.

Akwai abin da ya dame ni a ajin, kuma ba zan ɓoye ba. Darasin da Turanci ake bayar da shi. Ruwanda ta sauya harshen koyarwa daga Faransanci zuwa Turanci a 2008, ta mayar da azuzuwa ukun farko ga Kinyarwanda na wasu shekaru, sannan a ƙarshen 2019 ta sanar da komawa Turanci tun daga aji ɗaya, alhali kusan kowa a ƙasar harshe ɗaya yake ji. Idan malamar ta yi tambaya da Turanci, hannu uku ko huɗu ke tashi. Amma da gardama ta yi zafi a kan kunkuru, kowa ya koma harshen uwarsa, har waɗanda na ɗauka kurame ne suka buɗe baki. Tunanin da ya warware matsalar da Kinyarwanda aka yi shi. Mu ma mun daɗe muna kai-kawo a kan wannan batu, kuma abin da na gani ya ƙara mini nauyi a ɓangaren harshen gida.

Da yamma abokina ya kai ni Biryogo, a yankin Nyamirambo inda Musulmin Kigali suka fi yawa, inda aka rufe wasu tituna ga motoci aka jera kujeru ana shan shayi. Bayan sallar Magariba na tarar da dattawa biyu a kan igisoro, wani katako mai layi huɗu, kowane layi gurbi takwas, da 'ya'ya 64. Kowane ɗan wasa yana da layi biyu, yana kwashe 'ya'yan gurbi ɗaya yana zubawa ɗaya-ɗaya, kuma inda ɗan ƙarshe ya faɗa shi ke nuna ko zai ci na abokin hamayya, ko ya ci gaba da zubi, ko ya tsaya. Gwani yakan lissafa zagaye biyu ko uku a kansa kafin ya miƙa hannu. Suka ba ni wuri, wani yaro da bai wuce shekara goma sha biyu ba ya cinye ni sau biyu kafin shayina ya huce. Na tuna da darar gindin bishiya a garinmu, gurbi 30, kowa da 'ya'ya 12, a jera uku a ci ɗaya, da carafke da 'yan mata ke ƙirga da ita, da kacici-kacici na dare. Duk waɗannan mun bar su a bakin ƙofar makaranta, muna ganin wasa kishiyar karatu ce, sannan mu je taro a ƙasar waje a sayar mana da wasa a cikin kwali.

Ba kowane wasan na'ura ne ke koyarwa ba. Da yawa daga cikin waɗanda aka tallata mana a taron tambayoyin jarrabawa ne aka yi wa kwalliya da tauraro da kiɗa, yaro yana dannawa har ya dace. Ma'aunin da na dawo da shi shi ne a duba ko lissafin yana cikin wasan kansa, yadda ba za ka ci ba sai ka yi tunani, ko kuwa manna shi aka yi a gefe. Kada kuma a ɗauka ina cewa allo da alli sun wadatar. Tun 2015 JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya kan kwamfuta, kuma har yau akwai ɗan ƙauyen da ranar jarrabawar ce ranar farko da zai riƙe linzamin kwamfuta, hannunsa yana rawa, agogo yana tafiya. Hana shi na'ura zalunci ne. Sai dai tsarin kashe kuɗin ne nake ja da shi. Rabon na'ura yana da biki da kyamara da kwangila. Horar da malami, da sayen batir a shekara ta uku, da albashin mai gyara, ba su da ko ɗaya, shi ya sa ba a cika ganin su a kasafi ba. Ruwanda kanta ta dawo kan wannan daga baya: a 2020 ta gina azuzuwa fiye da 22,000 don rage cunkoso, a 2022 kuma ta ƙara wa malaman firamare masu ƙaramar takarda albashi da kashi 88 cikin 100. Da za a ba ni zaɓi tsakanin kwamfuta dubu a sito da goma sha biyu a hannun malamar nan, na san inda zan kai ɗana.

Kafin mu bar makarantar a ranar, na tambayi malamar abin da ta fi buƙata, ina zaton za ta ce sababbin kwamfutoci. Ta ce, "Dokta, in da hali, cajoji shida da mutum ɗaya da zai riƙa zuwa gyara sau ɗaya a zango." Ta ƙara da cewa tana fargabar ranar da za a canza mata wurin aiki, domin ba ta ga wanda za ta bar wa mabuɗin ba. Muna fitowa aka tashi tara. A filin da aka yi wasan safe, zanen murabba'an yana nan a ƙasa, wasu 'yan aji uku da ba su cikin darasin sun tsinci sandunan, sun naɗa wani ƙaramin yaro kunkuru, suna ta ba shi umarni yana nufar tankin ruwa.